Telan da Ya Ce Aiki Ne Maganin Agara

An yi wani tela, gwanin ɗinki, amma taurin kai gare shi ba kaɗan ba. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma suka yi nisa, ba shi da abokan hira sai masu zama a bencin shagonsa yana taka keken ɗinki suna ta zuba. Gida kuwa tsoronsa yake ji, don ko tari ya yi babu mai ce masa sannu.

Wata safiya ya sauko daga gado, sai agararsa ta dama, jijiyar nan ta bayan dunduniya, ta riƙe gam. Ya ɗingisa har shago. Da ya ɗan taka keke, ƙafar ta yi ɗumi, ciwon ya lafa.

"Ashe ragwanci ke damunta," in ji shi. "Aiki ne maganinta."

Haka ya yi ta yi wata uku. Ƙanwarsa ta ga wurin ya kumbura, ta tisa shi gaba sai asibiti.

Likita ya latsa wurin ya ce, "Baba, sakin da take yi in ta yi ɗumi yaudara ce. Jijiyar cinyewa take kamar tsohon zare. Ka bar keke sati shida."

"Sati shida! In zauna da wa, da bango?"

"Haba Yaya," in ji ƙanwar, "ka riƙa zuwa shagon kana yanka yadi kawai mana."

"A ce na tsufa? Allah ya kiyaye!"

Washegari ya koma kan keke. Bayan kwana goma, ya yi ɗage zai tura ƙofar shago sama, sai ya ji tas! Ya waiwaya a fusace don ya ga wanda ya maka masa sanda a ƙafa. Babu kowa. Agarar ce ta tsinke.

Aka yi masa aiki, aka naɗe ƙafar, aka ce sai ya yi wata shida a gida, kuma da wuya ya sake taka keke kamar da. Makon farko 'yan hira suka zo dubiya, daga nan suka koma shagon mai aski. Kaɗaici ya ci shi sosai. Ta kai in mai duba mitar wuta ya zo, sai telan ya riƙe shi da surutu a bakin ƙofa, har mutumin ya fara kallon agogo.

Darasi a nan shi ne, ciwon da ke lafawa in jiki ya yi ɗumi bai warke ba, gargaɗi yake yi. Wanda ya ƙi ɗan hutun da aka ba shi, wata rana zai yi dogon da bai zaɓa ba, kuma abin da yake gudu shi zai tarar.