Wuƙar Mai Yatsu Uku

"Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wani maharbi ne aka yi, sunansa Mantau. Kibiyarsa ba ta kuskure. Wata rana a dawa sai kura ta kai masa cizo a hannun dama, ta tafi da ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Ciwo ya warke, amma kunya ta ƙi warkewa. Kullum hannun yana cikin riga. Ko gaisawa aka zo yi, sai ya ce, "A yi haƙuri, magani na shafa."

Jan baka bai gagare shi ba, don yatsun jan tsirkiya suna nan. Riƙon wuƙa ne ya gagara. Ashe ƙarfin riƙo yana wurin 'yan yatsun nan biyu da ake rainawa. Kuma kun sani, dabbar da maharbi ya tarar da sauran rai, in bai yanka ta ba har ta mutu, ta zama mushe, babu mai ci.

Ranar da ya koma dawa, sai ya harbi gada. Ya ruga, ya zaro tsohuwar wuƙarsa, sai ta suɓuce ta faɗa ciyawa. Kafin ya lalubo ta, gada ta cika.

Mantau ya ce laifin wuƙa ne. Sai ya tashi takanas ya tafi wani gari mai nisa inda ba a san shi ba, wurin wani tsohon maƙeri, Korau.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, maharbi. Me ke tafe da kai?"

"Wuƙa nake so. Doguwa, kamu ɗaya da rabi, wadda in na zare ta kowa zai san namiji ya zo."

"Mu ga hannun da zai riƙe ta."

"Hannu ai hannu ne, Baba."

Korau ya hura wuta. Ya zuba gawayin ƙirya, aka yi zuga, ya daki ƙarfe ƙwan, ƙwan, ƙwan. Ya miƙa masa wuƙa. Mantau ya karɓa da hagu, babu ko kunyar furfura.

Sai dawa. Sai ya harbi barewa. Ya kama wuƙa zai zare, tsawonta ya hana ta fita daga kube. Ya ja, ya ja, da ta fito sai nauyin bakinta ya rinjayi yatsu uku, ta kife ƙasa. Barewa ta cika.

Mantau ya koma maƙera.

"Baba, wuƙarka ba ta riƙuwa. A yi mini mai ƙatuwar ƙota, a naɗe ta da jan ƙarfe."

"Mu ga hannun."

"Na ce hannu ai hannu ne."

Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Wuƙa ta fito tana walƙiya, ƙotarta kamar taɓarya. Ya sake karɓa da hagu.

Sai dawa. Sai ya harbi gwanki, ƙato, naman da zai ishi unguwa guda. Ya danne shi, ya kai wuƙa wuya. Gumi ya jiƙa jan ƙarfe, gwanki ya yi fizga ɗaya, wuƙa ta yi tsalle can. Maharba suna isowa, gwanki yana cikawa. Aka bar wa ungulu.

Sarkin baka, shugaban maharba, ya kira shi gefe. Ya ce, "Mantau, harbi kam babu kamarka. Amma dabba uku ke nan muna zubarwa, ga iyali suna jira a gida. Ranar Laraba ta sama za mu fita. In aka sake yin mushe a hannunka, sai ka rataye baka."

Wannan magana ta yi masa zafi ƙwarai, don shi bai san wata sana'a ba, kuma uban ubansa ma maharbi ne.

Ya dawo gida ya tarar da matarsa Tabawa tana ginin tukunya. Ya zauna kusa da ita yana ta faɗa, maƙeri ya tsufa, ƙarfen zamani ba shi da kyau, kube ya yi kaza. Tabawa tana jinsa. Sai ta gutsuro yumɓu, ta mulmula shi dogo, ta ce, "Maigida, riƙe mini wannan."

Faɗa ya ɗauke masa hankali, sai ya fito da dama ya karɓa. Yana magana yana matsawa, yana magana yana matsawa. Da ta karɓe, ga shatin babban yatsa, ga na manuni, ga na tsakiya, raɗau. Ta ajiye a inuwa ya bushe.

Ta ce, "In kunyar nuna hannu kake ji, kai wa maƙeri wannan."

"Ki mai da ni abin dariya?"

"Dariyar da aka yi maka ran gwanki fa? Ni dai shekara guda ina zuba wa hannun nan ruwa yana wanki, ban ga ya kasa kai loma baki ba."

Mantau ya miƙe. Ya ɗauki yumɓu ya kama hanyar maƙera.

Korau ya karɓi yumɓu, ya juya shi, ya ƙirga. "Ɗaya, biyu, uku. Ina sauran?"

Mantau ya matso kusa. Sannan a hankali ya zaro hannu daga riga, ya shimfiɗa a kan uwar maƙera. Ya sunkuyar da kai yana jiran dariya.

Korau ya kama hannun, ya taɓa nan, ya matsa can, kamar mai zaɓen ƙarfe. Ya ce, "Tun ranar da ka karɓi wuƙa da hagu na san da magana. Sau biyu na ƙera wa bakinka. Yau zan ƙera wa hannunka. Zauna, tare za mu zana ta."

Ya share ƙasa, ya ɗauki tsinke. "Da wace gwiwa kake danne dabba?"

"Da hagu."

"To kube a damtsen hagu zai zauna, ba a ƙugu ba. Da ka kai hannu, ka same ta. Tsawon bakinta fa?"

Mantau ya zana kamu guda. Korau ya goge rabi da ƙafa. Mantau ya ce, "Haba Baba, wannan ai ta yanka kuɓewa ce."

"Wuyan barewa za ka yanka, ko kuka za ka sare?"

Suka yi ta zane suna gogewa. Mantau da kansa ya ce a yi mata ɗan tudu inda babban yatsa zai tokare. Korau ya ce a huda gindin ƙota a zura igiyar fata ta zagaye wuyan hannu, ta tsaya a madadin yatsun da kura ta ci. Ya ajiye yumɓun Tabawa a gabansa, ya sassaƙa ƙotar marke, rami uku, kowane yatsa da ɗakinsa. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Ya tsoma ta a ruwa ta yi cuu, ya wasa ta, ya miƙa.

Mantau ya karɓa da dama. Wuƙa ta zauna a tafinsa daram. Sai ya ji ƙwalla ta cika masa ido.

Ranar Laraba aka fita. Maharba suka ga 'yar wuƙa a damtse, suka yi ta ƙunshe dariya. Wani ya ce ko ta Tabawa ce ya aro. Hantsi ya dubi ludayi babu komai, azahar babu komai. La'asar sakaliya sai ga barewa. Mantau ya saki kibiya, barewa ta faɗi tana shure-shure. Ya ruga, ya danne da gwiwa, ya kai hannu damtse. Barewa ta yi fizga, gumi ya jiƙa tafi, wuƙa ba ta motsa ba. Ya ce, "Bismillahi, Allahu akbar."

Jini ya zuba da ɗuminsa. Sarkin baka ya iso, ya duba, ya ce, "Halal ce. Mantau, bakanka ba na ratayewa ba ne."

Washegari Mantau ya saɓi cinya guda ya tafi maƙera, ta tsakiyar kasuwa, hannu a waje. Ya ajiye nama, ya miƙa wa Korau yatsu uku.

Korau ya ce, "Yau ba ka shafa magani ba?"

Mantau ya ce, "Ya ƙare, Baba." Suka gaisa.

Ƙurunƙus, ga kan kusu nan na ajiye muku. Wanda duk ya je neman taimako, ya nuna wa mai taimakon inda ya gaza, don abin da aka gani shi ake gyarawa. Kai mai ɓoye ƙafa a ƙarƙashin tabarma, kawo ta nan in cire ƙayar.