Jiƙaƙƙen Tawul ɗin Yaya

Akwai wani tela da cutar daji ta kwantar a asibiti. Maganin da ake ɗura masa ya karya garkuwar jikinsa, ƙwayar cutar da mai lafiya ba zai ma san ta shige shi ba tana iya kai shi ƙasa. Da aka sa masa siririyar roba a jijiyar ƙirji, nas ta ja wa matarsa kunne: kada ruwan famfo ya kusanci wurin.

Matar ta kiyaye. Sai ga yayarsa ta diro, irin mutanen nan da ba a isa a gaya musu ba. Wallahi haushinsu nake ji.

Ta yatsina fuska ta ce wa matar, "Ke, haka kika bar min ƙanina yana tsami? Abokansa suna hanyar zuwa duba shi, so kike a ce ba shi da 'yan'uwa?"

"Yaya, nas ce ta hana."

"Wace nas? Tun ba a haife ta ba nake masa wanka."

Nas ta jiyo, ta zo ta yi bayani a hankali. Ruwan ko ya yi garau a ido, ƙwayoyin cuta kan maƙale cikin bututun famfo, kuma robar nan kai tsaye take kaiwa jini. Ta ce bari ta kawo abin goge jiki da kanta.

Yayar ta ja tsaki. "Ji min iyayi. Ruwan da kowa ke wanke fuska da shi?"

Nas na fita, ta jiƙa tawul sharkaf a famfo, ta ture matar gefe, ta murje ƙirjinsa har filastar da ta rufe wurin robar ta ɗaga. Shi kuwa ba ƙarfin musu.

Baƙi suka zo suka yaba tsafta, yayar tana ta hura hanci.

Washegari zazzaɓi ya rufe shi, yana karkarwa, ko matarsa bai gane ba. Gwaji ya nuna ƙwayar cutar ruwa ta shiga jininsa. Aka zare robar, aka dakatar da maganin dajin.

Da ƙyar ya farfaɗo, amma kafin nan dajin ya samu sarari ya yaɗu.

Yayar ta shigo da kuka, ta miƙa hannu za ta dafa shi. Ya janye jikinsa.

"Yaya, daga bakin ƙofa ma gaisuwa ce."

Darasi: Son majinyaci ba ya ba ka ikon take dokar masu jinyarsa. In an ce kada ruwa ya taɓa wuri, ajiye girman kanka ka bi. Ku tura wa duk mai zaman jinya, ko Allah Ya sa a ceci rai.