Ledar da Aka Shimfiɗa wa Baba

Akwai wani malamin makaranta da abokansa ke kira Na-Sani. Ko tari mota ta yi a gabansa, sai ya karkata kai ya ce, "Ai na sani, fulogi ne." Bai taɓa riƙe sifana ba, amma bakinsa ya gyara motoci sun fi ɗari.

Kowace Asabar yakan ɗauki mahaifinsa a kujerar gaban motarsa ya kai shi shagon wani tsohon tela, inda tsofaffin abokansa ke taruwa su yi musu har la'asar. Fitar da ta rage wa Baba ke nan a duniya. Tun daren Juma'a yake sa a goge masa riga.

Sai motar ta fara shan ruwa. Da safe Na-Sani ya cika lagireto, kwana biyu allurar zafi ta fara hawa. Ya leƙa ƙasa, ko ɗigo babu.

Wata rana a hanya Baba ya ce, "Motar nan tana wani ƙanshi kamar alewa."

"Baba, na sani, turaren mota ne."

Da suka dawo gida, matar Na-Sani ta ja shi gefe. "Ka duba bakin rigar Baba kuwa? A jiƙe take. Kafet ɗin ƙafarsa ma haka. Karo na uku ke nan." Ta rage murya. "Ka san fa tsufa."

Na-Sani ya gyaɗa kai. "Na sani."

Asabar ta gaba Baba ya fito da gogaggiyar rigarsa, ya buɗe ƙofa, ya tarar da baƙar leda a shimfiɗe tun daga kujera har ƙasa. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya mayar da ƙofar a hankali.

"Yau ba na jin fita," in ji shi.

Asabar uku a jere bai ji fita ba.

Ita kuwa motar ba ta fasa shan ruwa ba. Na-Sani ya sa aka canza murfin lagireto, aka canza famfon ruwa, duk a banza. Daga ƙarshe ya kai ta wajen wani tsohon bakanike da ake kira Sannu-Sannu, wanda ko gaisuwa sai ya ja ta kamar roba: "Sannu... da... zuwa... ranka ya daɗe."

"Gasket ne, na sani," in ji Na-Sani. "A buɗe injin kawai."

"To. Bari mu tambaye ta tukuna."

Sannu-Sannu ya tura kwali ƙarƙashin motar, ya tada ta. Ya zaro sandar bakin mai, ya ga man tas, bai yi fari ba. Ya zaga baya ya tsaya kan salansa, babu farin hayaƙi. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana matsawa da yatsa kamar mai zaɓen tumatir. Ya jawo kwalin, a bushe.

"Ruwa ba ya ɓata," ya ce. "In bai zuba waje ba, ya zuba ciki."

Ya buɗe ƙofar gaba, ya ga leda.

"Wannan fa?"

Na-Sani ya kau da kai. "Tsohona ne ke zama nan. Ka san... tsufa."

Bakaniken ya ɗaga ledar, ya danna kafet da tafin hannu, ruwa ya taso. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya kai hanci.

"Yaushe rabon tsohon da shiga?"

"Sati uku."

"To."

Ya shimfiɗa busasshen tsumma a wurin ƙafa, ya bar injin ya yi zafi sosai. Suka tsaya suna kallon kujerar da ba kowa a kanta. Can sai ga ɗigo daga ƙarƙashin dashbod. Ɗis. Ɗis. Tsumman ya fara duhu.

"Akwai wani ɗan ƙaramin lagireto a ɓoye a nan, na hita mai ɗumama cikin mota," in ji Sannu-Sannu. "Shi ne ya tsage. Kana ta ƙara ruwan famfo, shi ya sa launin ruwan lagireton ya wanke. Amma shinshina ka ji."

Na-Sani ya shinshina. Ƙanshin alewa.

A karon farko a rayuwarsa, bai ce ya sani ba.

Sai da injin ya huce sannan Sannu-Sannu ya zare tiyo biyun da ke shiga hita, ya haɗa su da guntun bututu, ya ɗaure tam, kafin a samo sabon ƙaramin lagireton. Ya cika ruwa, ya sake tada ta. Tsumma na biyu ya zauna a bushe. Bai yi dariya ba, bai kira kowa ya zo ya gani ba. Yana goge hannu ya ce:

"Nawa aikin ya ƙare. Ledar nan kuwa, wanda ya shimfiɗa shi zai cire."

Na-Sani ya tarar da Baba a zaune ƙofar ɗakinsa. Ya durƙusa da ledar a hannu ya faɗi komai, matarsa na bayansa ta kasa ɗaga kai.

Baba ya ce, "Da farko na san ba ni ba ne. Amma da na ga ledar, ni ma sai na fara shakkar kaina."

Na-Sani ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga.

"Kai kuma kada ka jiƙa mini tabarma," in ji Baba, "in sa a shimfiɗa maka leda. Ke, a goge mini rigata. Gobe Asabar ce."

Darasi: Kafin ka ɗora wa mutum abin kunya, yi haƙuri ka bi ɗigon har inda ya fito. Kuma in babba ya ce yana jin ƙanshin alewa, tsaya ka shinshina. Ku tura wa duk wani Na-Sani da ke gidanku, ko da zai ce ai ya riga ya karanta.