Birinya Mai Goyon Dutse

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata shekara tafkin dabbobi ya soma ƙafewa, aka sa ranar ƙaura zuwa kogi, can bayan ƙungurmin daji. Kowa ya shiga haɗa guzuri. Birinya kuwa kullum da safe sai ta goya dutse, ta hau tsauni ta sauko, har tafin ƙafarta ya yi kanta.

Kura ta tuntsire da dariya ta ce, "Ke Birinya, yaushe za a yaye ɗan nan naki?"

Birinya ta ce, "Ranar tafiya."

Da ranar ta zo, tsohuwar uwarta, wadda ƙafafu suka daina ɗaukarta, ta kwanta gindin tsamiya ta ce, "Je ki, 'yar nan. Ni na zama kaya, kada in kashe ki a hanya."

Birinya ta kwance dutsen, ta durƙusa. "Hau, Inna."

Ta ɗaure majanyi tam, ta miƙe. Sai ga dariya, ga hawaye.

"Haba Inna! Ashe dutsen ma ya fi ki nauyi."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera, ta ƙare nan.