Ganyen da Ya Ci Awakin Hajo

Akwai wani mutum a Jibiya mai suna Ɗantala, tun zamanin Turawa na mulki. Shi ke yi wa fatake jagora su tsallaka iyaka zuwa Maraɗi, kuma a ganinsa duk garin ba wanda ya kai shi sanin daji.

Wata damina sai ga wani Bature masanin tsirrai, yana neman ganyayen da ba a taɓa rubutawa ba. Mutanen gari suka laƙaba masa Mai Ganye. Tafintansa ya ce duk wanda ya nuna sabon tsiro, akan ambaci sunansa tare da tsiron.

Ɗantala ya sa babbar riga ya je neman aikin jagora. Amma Bature ya ɗauki Bawa, maƙwabcinsa, manomi marar surutu. Abin ya tsaya wa Ɗantala a rai, ko tuwo ya daina yi masa daɗi.

Ba a jima ba Bawa ya nuna wani ɗan tsiro mai jan kara a bakin rafi, dab da iyaka. Mai Ganye ya duba ya sake dubawa, ya ce bai san irinsa ba, amma ba za a tabbatar ba sai ya yi fure. A bar shi tukuna.

Ɗantala ya ce a ransa, in ya tuge da hannu za a gane. Akuya kuwa, wa zai kai ta gaban alƙali?

Da damina kowa ɗaure awakinsa yake saboda gonaki. Shi ko ya shiga gida ya kwance na matarsa Hajo, waɗanda ta gada wajen uwarta.

"Malam, ina za ka da su?" in ji Hajo.

"Sun gaji da turke. Ɗanyen haki za su ci su komo."

Ya kora su har bakin rafin, ya tsaya suna cinye tsiron yana murmushi.

Kafin la'asar cikinsu ya kumbura, suna kumfa. Hajo ta ɗura musu kanwa, ina! Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe ƙafa. Ta zauna a ƙasa tana kuka.

"Mi na yi maka, Malam? Abin da Inna ta bar mani ke nan."

Mata masu ɗibar ruwa kuwa sun ga Ɗantala da awakin a bakin rafin, labari ya zaga gari.

Ashe akwai tsiro guda da ya ɓuya cikin ƙaya, awaki ba su kai gare shi ba. Ya yi furensa, Mai Ganye ya tsinka, aka ambaci Bawa.

Sai Bature ya tambayi dattawa a bakin kasuwa, kamar yadda masanan kan yi: "Me kuke kiransa da Hausa?"

Wani tsoho, Nagoggo, ya ce, "Da dai ba shi da suna. Yanzu ko kowa na ce mashi Baƙin-cikin-Ɗantala."

Ɗantala na tsaye a wurin. Yana ji, yana gani, tafinta ya maimaita sunan a hankali, Bature ya rubuta.

Darasi: Mai hassada gidansa yake fara yi wa ɓarna, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba shi ke kwana a ciki. In Allah ya ɗaga ɗan'uwanka, taya shi murna ka jira naka rabon. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.