Mai Yankan Farcen da Ya Ɓoye Ƙafarsa Cikin Huffi

An yi wani mutum a unguwar Bololo, sana'arsa yankan farce. Ba zan faɗi sunansa ba, ya 'yan uwa, don mazan rabinku sun taɓa miƙa masa ƙafa. Shekara ashirin yana zaune kusa da ƙofar masallaci, da almakashinsa da 'yar askarsa guda ɗaya tal. Da ita yake kankare wa kowa, ya goge ta a gefen riga, ya ce na gaba ya matso.

Sai ciwon farce ya shiga mutane. Kun san shi. Farce ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa, ya dinga marmashewa.

Ni Hansatu ta unguwar Diguel, ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa, faɗa nake ana rubuta mini. Amma kakata, wadda tafiyar Makka a ƙasa ta ajiye a garin nan, ta koya mini tatsar man 'ya'yan darbejiya, a haɗa da kanumfari. A kankare farcen, a wanke, a busar, a ɗiga safe da yamma. Wata da watanni ake yi, wani ya warke, wani sai an haɗa da likita. Kuma duk wanda ya zo ina gaya masa abu biyu: kowa ya riƙe rezarsa, mai ciwon suga kuwa ya wuce asibiti, ba na taɓa ƙafarsa.

Mutane suka fara zuwa wurin mutumin nan da rezarsu a aljihu. Yana yi musu yanka suna hira: man Iya Hansatu kaza, man Iya Hansatu kaza.

Me na rage masa? Ba na zama ƙofar masallaci. Ko mutum ɗaya ban ɗauke masa ba. Jin ana yabon wata tsohuwa a kan bencinsa, shi ne kawai ya hana shi sakat. Hassada ke nan, ya 'yan uwa. Ba sai an ƙwace maka komai ba.

Kun san al'adarmu. In an yanke farce ana tattarawa a binne, kada ya faɗa hannun mugu. Ni ma haka nake yi, a tsumma nake ƙullewa in binne bayan ɗaki. Ran wata Juma'a, jama'a sun cika, mutumin nan ya ɗaga murya ya ce, "Ni dai ban ce komai ba. Amma ku tambayi tsohuwar nan, farcen da take kankarewa, ina take kai shi?"

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ku kuka ƙarasa masa.

Kafin wata Juma'ar na zama matsafiya. Sharifa maƙwabciyata, wadda na yi wata bakwai ina ɗiga wa mai a yatsu, ta daina amsa sallamata. Na je suna, aka zuba mini abinci ni kaɗai a gefe. Da tsufana!

Allah kuwa yana gani. Askar nan da ta zagaya ƙafafun unguwa, da ita yake yanke nasa. Ciwon ya kama babban yatsansa na dama. Ya za a yi mai yankan farce ya nuna ruɓaɓɓen farce? Sai ya sayi huffi, safar fatar nan da ake shafa a kai wajen alwala. Cikin zafin bazara, lokacin da ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, shi yana yawo da huffi. Aka tambaye shi, ya ce sunna yake rayawa. Har yabonsa aka yi.

Ƙafa tana dahuwa cikin gumi, ba iska, ba wanki. Farcen ya kumbura. Ya rufe ɗaki ya sa aska zai ƙwaƙule shi, ya haɗa da nama.

Wata rana da azahar sai ga matarsa Zaliha, ta rufe fuska da mayafi.

"Iya, ki rufa mini asiri, ki sam mini man nan."

Na ce, "Man matsafiya? Yana da suga?"

Ta ce, "Shekara huɗu."

Na ce, "To wannan ya wuce mai, 'yar nan. Yau ɗin nan ki ɗora shi a kalando, babur ɗin haya, ki kai shi asibiti."

Ita ta dawo ta gaya mini yadda suka yi. Har ya yunƙura zai tashi, sai ya tambaya wa ya ba da shawarar. Ta ce Iya Hansatu. Ya koma ya zauna. Ya ce, "Gara ƙafar ta ruɓe."

Ta kuwa ruɓe. Wari ya fara fita, sahu ya dinga darewa gefensa. Zazzaɓi ya kayar da shi a kan bencinsa. A asibiti sai da almakashi aka farke huffin. Suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Yanzu yana unguwar Goudji gidan ƙanensa Rufa'i, bencin nan wani ke sayar da goro a kai.

Ya 'yan uwa, ciwon farce ne ya ci ƙafar nan? Sau nawa aka buɗe masa hanya? Ya gwammace ya rasa ƙafa da a ce tsohuwar da yake ƙi ta faɗi daidai. Mai hassada kansa yake fara ci. Kada ku raina ciwon farce, kada ku haɗa aska, kada ku ɓoye ƙafa don kunya.

Ba murna nake ba, Allah ya ba shi lafiya. Amma ban yafe ba tukuna, kada wata ta zo tana ce mini in yi haƙuri. A gaban jama'a ya ɓata ni, a gaban jama'a zai wanke ni. Rufa'i yana da mota, ya kawo shi ƙofar masallacin nan ran Juma'a. Ƙafa aka yanke masa, harshen yana nan.

Ku ma da kuka ɗauki maganar gida gida, ku mayar da ita gida gida. Ke Sharifa, ƙofarki za a fara.

Allah ya kiyaye mu da hassada, ya kiyaye gaɓoɓinmu, ya tsare mu da harshen da zai kai mu wuta. Amin.