Jif Ɗin Abdulmuhaimin da 'Yan Tsakin Kirsimeti

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'ar wannan shafi.

Na ji amsarku: ta zo mu ji ta. To, ku gyara zama, ba gaggawa muke ba.

Akwai wani mutum a garin Bauchi mai suna Abdulmuhaimin, yana da shago a Wunti. Sana'arsa sayar da 'yan tsaki ce, irin na gidan gona. Duk ranar Laraba da hantsi motar Jos takan sauke masa kwalaye, kowane kwali da tsaki hamsin 'yan kwana ɗaya. Shi kuma sai ya rarraba wa matan da ke kiwo a cikin gida.

Shekara shida mutum ɗaya ne ke yi masa rabon, Toma mai keke napep. Keken ya tsufa, tamfol ɗinsa ya koɗe, amma iska na ratsa shi ta ko'ina. Toma ba ya ɗaukar fiye da kwali huɗu a sawu guda. Ya kai, ya dawo, ya sake ɗauka.

Wannan sawu-sawun ne ya fara ba Abdulmuhaimin haushi da kasuwa ta buɗe.

Ana nan, sai abokinsa Mansir ya zo shago da wata ƙatuwar jif baƙa mai shan gas, gilashinta mai duhu, ya ce sayarwa zai yi.

"Abdul, ka ga motar nan? Wallahi tanki ɗaya na sha daga nan har Abuja, na isa da saura. Gas ba fetur ba ne, lasa kawai take yi."

Abdulmuhaimin ya leƙa bayanta, ya ga za ta ɗauke kwali goma sha biyu a sawu ɗaya. Ya zauna a kujerar direba, sanyin esi ya buge shi. Nan take zuciyarsa ta gama ciniki.

Kafin ya biya, ya kai ta garejin Baba Bakari, tsohon bakaniken da ke gyaran motar mahaifinsa tun yana yaro. Baba Bakari ya zagaya ta, ya kwanta a ƙarƙashinta, ya fito yana goge hannu.

"Mota lafiyarta ƙalau, ɗana. Ina za ka riƙa zuwa da ita?"

"Nan cikin gari, Baba. Wunti, Ƙofar Ran, Ɗan Iya. Rabon tsaki."

Tsohon ya tsaya da goge hannun.

"A'a. Wannan ba ta yawon lungu ba ce. Akwai wata rariya a cikin salansarta da ke tare baƙin hayaƙi. Sai motar ta hau babban titi ta yi gudu mai tsawo, ta yi zafi sosai, sannan take ƙone abin da ta tara. In kullum tafiyar minti biyar ce, ka tsaya, ka kashe, ka tayar, toshewa za ta yi. Kuma ƙarancin shan man da Mansir ya gaya maka, na doguwar hanya ne. A cunkoson Wunti da esi a kunne, za ka sha mamaki."

Abdulmuhaimin ya yi dariya.

"Baba, ku fa da tsofaffin fijo kuka saba. Wannan kwamfuta ce ke tafiyar da ita."

"To, Allah ya sa alheri. In ka saya, duk mako ka ɗauki hanyar Jos ka je Zaranda ka dawo, ba tsayawa. Wannan kaɗai na roƙe ka."

Ya saya. Laraba ta zagayo, Toma ya zo da kekensa kamar kullum, ya tarar an riga an loda kaya a jif.

"Oga, yau ba aiki?"

"Toma, ka huta. Tsakina sun gaji da shan rana, yanzu esi za su riƙa sha."

Masu shagunan gefe suka fashe da dariya. Toma ma ya yi murmushi.

"Allah ya sanya albarka, Oga. Amma kada ka danne su da yawa. Tsako yana son iska."

Ya juya kekensa ya tafi.

Mamaki na farko bai daɗe ba. Tankin da ya kai Mansir Abuja, a cikin Bauchi bai yi kwana shida ba. Abdulmuhaimin ya tsaya yana kallon allurar mai, ya ɗauka ɓulewa tankin ya yi. Ya duba ƙasa, ko ɗigo babu. Ga gas ya fi fetur tsada, kuma ba kowane gidan mai ke da shi ba. Sai ya ce a ransa, man da bai ishe shi yawon gari ba, shi zai ƙona a hanyar Zaranda ba kaya ba fasinja? Bai je ba ko sau ɗaya.

A wata na uku wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Motar ta fara nauyi, in ya taka sai ta yi kamar tana tunani. Ya san in ya koma gareji abin da tsohon zai ce. Sai ya yanko baƙin salatif ya liƙe fitilar, don kada wanda ya rage wa hanya ya gani.

Haka aka kai ƙarshen Oktoba. Duk mai kiwon kaji ya san wannan makon. Tsakon da ba a karɓa a lokacin ba, ba zai yi girman yanka kafin Kirsimeti ba, kuma masu ƙyanƙyasa a Jos layinsu ya cika har wata mai zuwa.

Cikin masu jira akwai Paulina, wadda ake kira Maman Gift, a Ɗan Iya. Kwali biyu ne nata. Da kajin Kirsimeti take riƙe gidanta tun da mijinta ya kwanta ciwo. Tun da safe ta kira shi.

"Malam Abdul, na wanke ɗakin, na zuba dusar katako, har gawayi na hura. Kada ka manta da ni fa."

"Haba, Maman Gift! Kafin azahar kina ji ana miki hon."

Ya loda kwali goma sha biyu har rufi, kowanne da sunan mai shi a rubuce. Tsaki ɗari shida suna tsiyau-tsiyau, har rediyo ba ya jiyuwa. Ya ɗaga gilasai, ya ƙure esi, ya nufi Ƙofar Ran inda zai fara saukewa.

Rana ta take. Zafin bayan damina ne, irin wanda ko iska ba ta motsi.

Yana shiga wani lungu, motar ta yi tari, ta girgiza, ta mutu.

Ya murza makulli. Ta yi gurnani ta yi shiru. Ya sake, haka. Masu keke suka taru a bayansa suna hon. Ɗaya ya sauko ya leƙo.

"Alhaji, kaji ne a ciki? Mu sauke su a inuwa mana, ga mu da yawa."

"Kada wanda ya taɓa mini ƙofa! Sanyin zai fita. Minti biyar ne, yanzu za ta tashi."

Ya fito ya rufe ƙofa ruf, ya buɗe gaban mota yana taɓa wayoyin da bai san aikinsu ba. Ya kira Mansir, bai ɗauka ba. Ya kira wani bakanike na daban, wai yana Gombe. Aka tura ta gefe, ya sake gwadawa. Sai da ya rasa yadda zai yi sannan ya kira Baba Bakari.

Duk wannan abin, wata tsohuwa mai tuyar awara a bakin zaure tana kallonsa. Can ta ajiye matsami.

"Ɗan nan, ɗazu ina jin kuka daga cikin motar nan. Yanzu na ji shiru."

Abdulmuhaimin ya ɗago kai. Ya kasa kunne.

Shiru.

Ya ruga ya ɗaga ƙofar baya. Wani zafi ya fito ya buge shi a fuska kamar an buɗe tandar burodi. Ya janyo kwalin farko ya buɗe. Wasu na haki, baki a buɗe. Ya janyo na tsakiya. Duk sun kwanta a kan juna, jikinsu jiƙe, ko ɗaya ba ya motsi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Na gaba, haka. Na bayansa, haka. Ya zauna a ƙasa a tsakiyar kwalaye da farar shaddarsa. Mutanen lungu suka kewaye shi, mata na riƙe baki. Ba wanda ya yi dariya.

Baba Bakari ya iso a bayan babur. Ya kalli kwalayen, ya leƙa gaban sitiyari, ya sa farce ya ɓare salatif ɗin. Ya juyo wajen Abdulmuhaimin.

"Ta gaya maka, ɗana. Kai ka rufe mata baki."

Abdulmuhaimin ya nemo lambar Toma. Wata uku rabon da ya kira ta.

"Toma... kana ina?"

"Ina Wunti, Oga. Lafiya?"

"Ba lafiya. Ka zo Ƙofar Ran, don Allah."

Toma ya iso. Ya durƙusa yana tsince masu rai ɗaya bayan ɗaya, yana hura musu iska, matan lungu na miƙo ruwa a faranti. Cikin ɗari shida, waɗanda suka tashi ba su kai tamanin ba. A kwalayen Paulina, goma sha ɗaya.

"Oga, in kai mata?"

"A'a. Tare za mu je."

Ya shiga bayan keken, ya rungume kwali ɗaya mai tsakin nan goma sha ɗaya a cinya.

Suna tsayawa Paulina ta fito da gudu, zani a ɗamare.

"Kai, Malam Abdul, har na gaji da leƙe! Ina jif ɗin? Toma, kai ne yau? Ina ɗaya kwalin?"

Abdulmuhaimin ya sauko da kwalin. Ya buɗe mata.

Ta kalli cikin kwalin. Ta kalle shi. Ta juya ta kalli ɗakin da ta share, da dusar katako a shimfiɗe, da kaskon gawayi yana ta ci, da mazuban ruwa guda shida a jere.

"Yesu," ta ce a hankali. "Ɗari fa na ce. Me ya same su?"

"Ni ne, Maman Gift. An gaya mini, ban ji ba."

Ta karɓi kwalin, ta durƙusa, ta riƙa tsoma bakin kowanne a ruwan sukari. Sai da ta gama da na goma sha ɗayan sannan ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Akwai wasu da za su yi girman yanka kafin Kirsimeti?"

"Babu. Sai ƙarshen wata mai zuwa."

Daga cikin ɗaki mijinta ya ɗaga murya da ƙyar: "Paulina, sun iso?"

Ta goge ido da bakin zani.

"Sun iso, Baban Gift. Ka kwanta."

Ta miƙe ta kwashe mazubai biyar, ta bar guda ɗaya.

Abdulmuhaimin ya fito ƙofar gida. Saura gida bakwai da zai je ya faɗi wannan maganar da bakinsa. Toma ya tayar da keke.

Ita kuwa jif, an wanke mata salansa, ya sayar wa wani mai zirga-zirgar Abuja. An ce har yau ko tari ba ta yi masa ba.

Ƙurunƙus, nan labarin ya tsaya.

Darasi: Girman abu da kyansa ba su ne dacewarsa da aikinka ba. Kafin ka sayi abin sana'a, ka tambayi kanka irin hanyar da za ka bi da shi kullum, kuma in wanda ya san aikin ya gargaɗe ka, ka saurara ko da tsoho ne mai baƙin mai a hannu. Girman kai ba kai kaɗai yake cutarwa ba, har da waɗanda suka dogara da kai. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman mai shirin sayen mota don kai kaya a cikin gari.